Sunan Yaya a Cikin Katanga

Yayana ya rasu a asibitin masu taɓin hankali da ke can gaba da unguwar Waziriyya a Jidda, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Inna ba ta taɓa shiga ta gan shi ba. A ƙofa ana tambayar iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuwa tun da ta zo Umra da shi a goye ba ta mallaki ko ƙyallen takarda ba. Sai ta riƙa tsayawa a bayan katanga, saitin wata taga da wani mai shara ya ce mata nan ne ɗakinsu. Ko gaskiya ya faɗa, Allah masani. Da ya cika, labari kawai ya iso mana, an riga an binne shi. Daga nan gidanmu ya daina kiran sunansa, don dangi suna jin kunyar ciwon da ya yi.

An rufe asibitin tuntuni, tagogi sun farfashe, kyanwoyi sun gaje harabar. Inna ba ta fasa zuwa ba. Duk wata sai na rufe rumfar atamfata a kasuwar Bab Makka da la'asar, na kai ta, ina ƙunƙuni. Ni wurin tsoro yake ba ni, kuma haushi nake ji na ga tsohuwa tana magana da siminti.

Wata rana ta dafa katangar za ta zauna, sai wani dutse ya zame. A bayansa akwai 'yar kwalbar roba kamar ta magani, da takarda a nannaɗe a ciki. Baƙar mace a Jidda a same ta da ƙullin takarda a kango, ba wanda zai tsaya tambaya, sihiri za a ce. Na ce ta yar, ta ƙi. Ta yi bisimilla ta buɗe, ta miƙo mini, don ita ba ta karatu.

Sunaye ne a jere, kowanne da kwanan wata, wasu da Larabci wasu da boko. A sama an rubuta cewa wannan wasa ne: ana ɓoye abu, a saka wurinsa a taswirar waya, wanda ya gano ya rubuta sunansa ya mayar. Na karanta mata sunayen. Layin sama kuwa na tsallake shi.

Sai ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce. Masu 'yan'uwa a ciki ne suke rubuta sunayen mamatansu." Ta kama hannuna. "Sa na yayanki."

Na sa da Larabci, da ɗan guntun fensirin da ke cikin kwalbar. Tun daga ranar, duk zuwa sai na karanta mata sababbin sunaye ta yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Na sha jin ta tana nema wa wani Bature mai yawon shaƙatawa rahamar kabari, ina cewa amin. Abin yana cina, amma ban taɓa ganin ta dawo gida da sauƙin zuciya irin na watannin nan ba, kuma na ƙudura ba daga bakina za ta ji ba.

Ranar da nake gudu ta zo cikin watan Sha'aban. Muna zaune sai ga mota ta tsaya, wata matashiya da mijinta suka fito, idonsu a kan waya, suna ƙirga taku suna dariya. Suka yi turus da suka ga kwalbar a cinyar Inna. Na yi ta ƙifta wa matar ido, ba ta gane ba.

Inna ta tambaye ta da Larabcinta na kasuwa, "Ya binti, wa kike da shi a ciki?"

"A ciki?" Matar ta dubi kangon. "La, ya khala, babu kowa. Hadi li'iba, wasa ne kawai." Ta nuna mata wayar, tana bayani da fara'a, ba ta san abin da take rusawa ba.

Na sunkuyar da kai. Inna ba ta dube ni ba. Ta daɗe tana juya kwalbar a hannu, har dariyar mutanen ta mutu.

"Duk wanda ya zo, yana buɗewa?" in ji ta.

"Aiwa," in ji matar, tana gyaɗa kai.

"Yana karanta sunayen da ya tarar?"

Matar ta ce yawanci ana karantawa, har baƙi daga wasu ƙasashe.

Sai a lokacin Inna ta juyo gare ni, ta koma Hausa. "Ke kin sani tun farko." Na ce na sani. Na jira faɗa, hawaye na zubo mini. Ta zaro takardar da kanta, ta warware ta a kan gwiwa, ta miƙo mini fensirin.

"Halas, ya wuce, share fuskarki. Da Larabci kaɗai kika rubuta. Ƙara da boko a ƙasa, manya-manya, yadda baƙin ma za su iya faɗinsa."