Ƙarfen da na sa a ƙarƙashin mutum-mutumin ɗalibaina

Mun tashi daga Garwa ana idar da sallar asuba, ni da ɗalibaina huɗu na makarantar fasaha, za mu Marwa gasar mutum-mutumi, wato na'urori masu sarrafa kansu. Namu yana cikin kwali a kan cinyata, na hana kowa taɓawa.

Hanyar nan dai sai haƙuri. Bayan Pitowa rami ke miƙa ka ga rami, direba kuma ko a jikinsa. A Figil muka karya da shayi da ƙosai, sefa ɗari biyar kowa ya ƙoshi. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina, don jajibirin tafiya na kai na'urar wurin wani mai walda a unguwar Jambutu ya liƙa mata ƙarfe biyu a ƙasa, kada gargada ta wargaza ta. Ban gaya wa yaran ba. Wai ni mai dabara!

Kafin a shiga gasa sai an duba kowace na'ura: a sa ta a akwatin awo, a ɗora ta a sikeli. Tamu ta shige akwati lafiya lau. A sikeli ta zarce ƙa'ida da kusan kilo guda.

Mai dubawa ya ce, "Wa ya auna wannan?"

Shugabar ɗaliban, yarinyar da ba ta wasa da aiki, ta ce ita ce, har sau uku. Ya yi dariya, 'yan wasu makarantu suka taya shi. Ina tsaye a bayanta, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa.

Aka ba mu awa ɗaya. Walda ba ta ciruwa da sukundireba, don haka, don rage nauyi, yaran suka kwance mata hannun ɗaukar kaya, aikinsu na wata uku. Muka tsallake dubawa, aka fitar da mu a zagayen farko.

A hanyar dawowa ko gyaɗa na kasa ci. Sai da muka kusa shiga Garwa na faɗa musu gaskiya.

Shugabar ta ce, "Ai mun ga ƙarfen, Mesiye, tun da muka kife na'urar. Gara a yi mini dariya da a yi wa malaminmu."

Na iso gida da darasi mai ɗaci: kada ka gyara aikin wani a ɓoye, in kuwa ka yi, ka buɗe baki. Ranar Litinin zan tsaya gabansu da alli, ban san ta inda zan fara ba.