Baƙin Mai a Tabkin Babana

Sana'ata gyaran injin ban ruwa. Duk mai noman rani a fadamun da ke tsakanin Mairuwa da ƙauyenmu ya san rumfata. Ina kwance inji, in wanke, in zuba sabon mai, tsohon kuma in juye shi a jarka, don ba na zubar da komai. A cikin gidana, bayan ɗakin da iyalina ke kwana, na haƙa wani rami marar zurfi da nake kira ramin gwaji. In na gama gyara sai in zura tiyo a ciki in tayar da inji, in ga ko yana ja. Rani da damina ramin nan ba ya rabuwa da ruwa, kuma ruwan garau yake, rana na dukansa duk yini. Ina alfahari da shi ƙwarai.

Babana shi ne mai kula da tabkin garinmu. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa shi da rawani ba. Amana ce da ya gada. Shi ke hana kamun kifi har sai lokacin su, wato kamun kifi na gayya, ya yi, shi ke nuna wa makiyaya gefen da shanu za su sha. Da damina kuwa kullum za ka gan shi da fartanya a bakin ruwa, yana cike sawun kofato da yashi, yana yanka 'yan hanyoyi daga ƙananan kududdufai zuwa babban ruwa don kifi ya samu shiga. Ramin da ya yi nisa da tabki, kamar inda aka ɗebi ƙasar gini, sai ya kamo 'yan kifaye a ƙwarya ya kai ya zuba. Matasa suna yi masa dariya, suna ce masa makiyayin kifi. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba mutumin dā ne. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa taka ƙofar gidana ba tun da na yi aure. In na je gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni, ƙanwarsa yake aikowa, gwaggona, ya ce a faɗa wa "wancan". Na tashi a haka, ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Kunya ce, kowa a garin ya san ta.

Wata rana a farkon damina gwaggo ta shigo da ƙwarya a hannu, da ruwa a ciki, da 'yan kifaye kamar tsawon yatsa suna ta wutsil-wutsil.

"In ji Babanka," ta ce, "ka zuba wanga a raminka na inji. Ya ce ruwan da ba kihi cikinshi gidan sauro ne. In ba ka so, ka riƙa kwashe ruwan duk bayan kwana biyar."

"Gwaggo, inji nike gwadawa, ba kiwo nike ba," na ce. "Su shige tiyo su toshe mani aiki?"

"Ni dai na hwaɗi saƙo."

Tana fita na watsa wa kaji kifayen. 'Ya'yana mata biyu suna tsaye suna kallo, babbar tana da shekara shida, ƙaramar uku. Babbar ta ce in bar mata ɗaya ta sa a gwangwani. Na ce ta matsa, ina da aiki.

Babbar ce zazzaɓi ya kama a tsakiyar damina. Kwana biyu muna ba ta magani na kanti, muna cewa zai sauka. A rana ta uku ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Na ɗauke ta a babur, uwarta na riƙe da ita a baya, muka kai ta asibiti. Sun yi iya ƙoƙarinsu, har jini aka ƙara mata, amma mun makara. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Mun dawo da ita a naɗe cikin zanen uwarta.

Na karɓi gaisuwa kamar kowa, ina cewa haka Allah ya so, kuma na yarda da hakan. Amma a cikin raina akwai wuta. Saura mini ɗiya ɗaya, kuma na rantse sauro ba zai taɓa ta ba. Duk yamma in na fito ƙofar gida, tabkin nake hangowa, shimfiɗe da ganyen bado, kwaɗi na ta kuka, agwagin daji na sauka. Na ce a raina, wane ruwa ne ya kai wannan girma a garin nan? Daga ina sauro zai fito in ba nan ba? Kuma kowa ya san in aka zuba baƙin mai a kwata, tsutsar sauro mutuwa take yi. Ban tambayi kowa ba. Wanda ya kamata in tambaya ba ma magana da shi kai tsaye, kuma gaskiya ina jin haushinsa: yana kiwon ruwan da ya kashe mini ɗiya.

Ranar kasuwar Ƙanƙara, da hantsi, bayan Baba ya tafi da sauran dattawa, na ɗaure jarka huɗu na baƙin mai a babur. Na haɗa da ragowar maganin feshi na ƙwarin auduga da wani ya bari a rumfata. Na zagaya tabkin ina tuttulawa. Man ya bazu a kan ruwa yana sheƙi, ya kewaye ganyen bado. Na tsaya ina kallo, kuma a lokacin na ji sanyi a zuciyata, karon farko tun da muka binne ta.

Washegari garin ya tashi da wari. Tarwaɗa da karfasa sun taso ciki sama, sun yi fari fat a bakin ruwa. Kwaɗi sun yi shiru. Makiyaya suka kora shanunsu zuwa wani rafi mai nisa suna tsinuwa. Mai unguwa ya sa aka yi shela kada kowa ya ci kifin. Ba a sha wahalar gano mai laifi ba, jarkokin wa ke da baƙin mai a garin nan in ba nawa ba? Amma saboda makokin da nake ciki, da kuma darajar Baba, babu wanda ya kai ni ƙara. Da an kai ni da ya fi mini sauƙi.

Na je na tsaya daga nesa, na ga Baba cikin ruwa har gwiwa, yana kwasar matattun kifi a kwando yana kaiwa rami. Sai ya tsinci wani zalɓe da mai ya manne wa fuka-fukai. Ya zauna a kan dutse, ya ɗora tsuntsun a cinya, yana goge shi da toka da tsumma, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Tsuntsun ya mutu a hannunsa kafin azahar. Ya san ina tsaye a wurin, bai ɗago kai ba. Kwana uku gwaggo ba ta kawo mini saƙo ko ɗaya ba.

Sauro kuwa bai ragu ba. Bayan mako biyu ma ƙaruwa ya yi, don ruwan sama ya kore man zuwa gefe guda, kuma babu kifin da zai ci tsutsa a kududdufan da Baba ya haɗa da tabki. Tun kafin magariba za ka ji su suna kuka a kunne. Na sayi gidan sauro sabo, na ƙona ganye, na yi feshi a ɗaki har muna tari. Duk da haka, wata safiya matata ta taɓa goshin ƙaramar ta dube ni. Jikin yarinyar kamar garwashi.

Wannan karon ban jira ba, a take muka tafi asibiti. Kwana huɗu tana kwance ana ƙara mata ruwa. A rana ta biyar na dawo gida da la'asar in ɗauki kayan sawa, ban san ko za ta tashi ba. Ina cikin tsakar gida sai na ji sallama, muryar da ban taɓa ji a cikin gidan nan ba. Baba ne, da fartanyarsa a kafaɗa da ludayi a hannu. Na durƙusa. Bai tsaya ba, ya wuce ni ya zagaya bayan ɗaki, ni kuma na bi shi.

Ya tsuguna a bakin ramin gwaji, ya jira ruwan ya kwanta, sannan ya ɗebo a ludayi ya miƙo mini. Na duba. Tsutsotsi ne ƙanana, sun kwanta a saman ruwan, in ludayin ya motsa sai su nutse su sake tasowa. Ban iya ƙirga su ba. Na ɗaga kai, sai ga tagar ɗakin da 'ya'yana ke kwana, taku huɗu daga ramin.

"Ka gani?" ya ce. Ni yake kallo, ido cikin ido. "Babban ruwa shina da masu tsaronshi. Wanga ba shi da kowa."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, ka aiko. Gwaggo ta hwaɗa mani. Kaji na ba."

Ya karɓi ludayin ya kifar. Sannan ya ce, "Aike na yi. Da ƙahwata ya kamata in zo. Na san ba ka ji, na zamna ina kunya." Ya dubi tagar. "Jikata ce."

Tare muka cike ramin, shi da fartanya, ni da shebur.

Ƙaramar ta tashi, alhamdu lillahi. Yanzu tana makaranta. A ganga nake gwajin inji, in na gama in kifar da ita. Tabkin ya ɗauki damina uku kafin kifi ya dawo sosai, kuma da ƙwarya muka dawo da shi, ni da Baba, daga wani rafi ta wajen Sabuwa. Agwagin daji ba su sake sauka ba sai bayan rasuwarsa. Ni ke riƙe da fartanyar yanzu, matasa kuma ni suke ce wa makiyayin kifi, ba na jin haushi.

Abin da har yau ban iya ajiyewa ba shi ne ranar ƙwaryar nan. Kifi ɗaya ta roƙe ni in bar mata, na ce ina da aiki.