Sa Hannun Gaus Bhai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Gaus Muhiyiddin a gidansa da ke unguwar Tolichowki, nan birnin Haidarabad, yana da shekara sittin da ɗaya. Na bi jana'izarsa a sahun ƙarshe, domin ba ni da fuskar tsayawa a gaba.

Gaus Bhai, wato Yaya Gaus kamar yadda muke kiranka a ofis, shekara tara muka yi tebur da tebur a kamfanin da ke haɗa wa ofisoshi da asibitoci na'urorin waya. Ni ina rubuta manhaja, kai kana dubawa kafin ta fita. Duk wanda ka kama da kuskure, sai ka fara saya masa shayi da biskit, kana ka nuna masa ɓarnarsa. Ranar da mahaifiyata ta faɗi, kai ka ɗauke ta a motarka zuwa asibiti, kai ka cike takardu. A duk ofis, kai kaɗai ka san sunanta Rukhsana.

Da sunan nan na yi kalmar sirri, na dasa ta a cikin jikin manhajar, don in riƙa shiga kowace na'ura in yi gyara daga kujerata. Mai saye bai san da ita ba, balle ya canza ta. Kana gani ka kira ni.

"Imtiyaz ɗan'uwa, makulli ɗaya ka yi wa gidaje dubu, kuma ka sa shi ƙarƙashin tabarmar ƙofa? Ai ko ɓarawon takalmi a masallaci ya san nan ake fara dubawa."

"Na gwaji ne, Bhai. Yau zan cire."

Ban cire ba. Manaja yana kanmu, ni kuma lalaci ya yi mini daɗi. Da ka sake tambaya na ce na cire, sai ka sa hannu a kan maganata ba tare da ka duba ba, abin da ba ka taɓa yi wa kowa ba.

Bayan shekara uku wani ya tono kalmar, ya baza ta a intanet. Baƙi suka shiga wayoyin wani asibitin mata, suka naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, suka riƙa kiran mutane suna yi musu barazana da sirrinsu. A lokacin dukanmu da suna ɗaya muke shigar da aiki, don haka kwamitin bincike bai ga sunan kowa ba sai naka, kai da ka sa hannu. Ina zaune a ɗakin aka tambaye ka wace ce Rukhsana. Ko kallona ba ka yi ba. Ka ce, "Ni na sa hannu, ni za ku tambaya."

Aka sallame ka, aka ba ni kujerarka, na kuma zauna. In abokan aiki suka ce tsufa ne ya cim maka, ba na musu. Duk Sallah kana aiko mini da gaisuwa, ni kuwa sai in karanta in kife waya. Kunyar da nake ji yau ta fi baƙin cikin rashinka, kuma wannan ma abin kunya ne.

Ranar sadakar uku na je gidanka. Matarka Shahnaz, da muke ce wa Bhabhi, wato matar yaya, ta miƙo mini wani littafi mai baƙin bango daga bayan labule. Sunayen wuraren da suka sayi na'urar ne, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ashe tun da aka kore ka kake kiransu ɗaya bayan ɗaya, kana roƙon su sabunta manhajar, wasu su saurara, wasu su zage ka. Duk wanda ya gyara ka ja masa layi. Saura goma sha bakwai.

Ta ce, "Cewa ya yi in ba ka. Wai kai ka fi kowa sanin inda ƙofar take."

To, jama'a ku shaida, Rukhsana mahaifiyata ce, ni na rubuta layin, ni na yi ƙarya. Gaus Muhiyiddin bai yi sakaci ba, yarda ya yi da ni. Jiya na kai wa kamfani wannan magana a rubuce, abin da za su yi da ni su yi.

Allah Ya jiƙanka, Bhai, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Shahnaz Bhabhi da 'ya'yanka, Tanwir da Sabiha, Allah Ya ba su haƙuri. Ba ni da bakin neman su yafe mini tukuna. Da safen nan na kira na farko cikin goma sha bakwai ɗin, suka ce a ba su Gaus Sahib, shi suka saba da muryarsa.