Turancin da Aka Rubuta da Sabulun Aski

Mai aski ake kiransa a layin, kuma sunan ya bi shi har gida. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai wankin kaya. Kujera ɗaya ce a ciki, wadda ta daina juyawa hagu, sai bencin masu jira, sai wani ƙaton madubi da ya tsage a kusurwa tun kafin ya saye shi. Ubansa aski ya yi, kakansa ma haka. Abin da ya bambanta shi da su kawai, shi ya ɗauki sana'ar ya kai ta wani babban birni mai nisa, inda in ba Turanci ka iya ba to da hannu za ka yi ciniki.

Turancin nasa kuwa bai cika tafin hannu ba. Ya san short, ya san wait, ya san next, ya san fine da better. Da waɗannan ya yi shekaru yana cin abinci bai taɓa jin ya rasa komai ba, don kan mutum ba ya buƙatar dogon bayani. Kuma Allah Ya yi shi da gudun ɓacin ran mutane. Ko kanka ya fi tukunya faɗi, in ya gama ya karkaɗe maka wuya zai dubi idonka ta cikin madubi ya ce ya yi kyau. Ta madubin ya saba kallon mutane, ido da ido kuwa nauyi yake yi masa.

Da ya ɗan samu wurin zama sai ya ɗauko matarsa, suka kama ɗaki a saman benen da shagonsa yake. Mace ce mai surutu da ban dariya. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta mutanen benen, amma kafin wata ya ƙare ta iya kwaikwayon tafiyar kowa, da tarin mai gidan hayar, da yadda matar da ke zaune a ƙasan benen ke kiran kyanwarta. In ya dawo a gajiye sai ta yi ta yi masa har ya ƙware da abinci.

Wannan matar ce ta haihu, ta sami 'ya mace lafiyayya, sannan ta yi shiru. Ba a rana ɗaya abin ya zo ba. Dariyar ce ta fara tafiya, sai barci, sai cin abinci. Tana yi wa jaririyar wanka, tana ba ta nono, amma fuskarta na kallon bango. Ba uwa kusa, ba ƙanwa, ba wata tsohuwa da za ta leƙo ta ce yarinyar nan ba daidai take ba. Sai shi, kuma shi ya ce wa kansa gajiyar jego ce.

In ranar awo ta zo sai su je asibitin unguwa. Likitar mace ce mai fara'a, Turanci kawai take ji, don haka mai aski ne tafinta. Ta auna jaririya, ta dubi uwar ta tambayi yadda take ji. Shi kuma ya juya ya ce, "Wai ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji matar.

To me za ta ce? Mu da ko a bakin kabari aka ce mana ya jiki, da sauƙi za mu ce. Mai aski ya ɗauki amsar ya miƙa wa likita yadda take: better. Likita ta rubuta. Wata rana ma ta yi murmushi ta nuna matar ta ce shy, shi bai san mene ne ba, ya gyaɗa kai ya ce fine. Haka suka yi ta zuwa suna dawowa, takarda na cewa ana samun sauƙi, mace na ƙarewa a tsaye.

Ranar da idonsa ya buɗe da tsakar rana ne. Ya hau sama cin abinci, tun daga matakala yake jin kukan jaririya. Ya tarar da ita a kan gado ta yi jawur, uwar kuwa na zaune a ƙasa ta jingina da ƙofar banɗaki, da wani ƙunshin tsumma a cinyarta. Ya san tsumman. Askar ubansa ce a ciki, wadda ba ya aiki da ita, ajiye ta kawai yake a ƙasan akwati don tunawa.

Ta miƙo masa da hannu biyu. "Maigida, ka fitar da wannan daga gidan nan."

"Me ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Ni ce nake yawan tunaninta."

Ya karɓa, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ta riƙe bakin rigarsa ta ce, "Don Allah ka rufa mini asiri. In suka ji za su ce na haukace, su raba ni da ita."

Ya yi mata alkawari, don bai taɓa iya ce wa mutum a'a ba. Ya kwashe wuƙaƙen girki ya haɗa da askar ya kai shago. Ya roƙi matar ƙasa, da hannu da ka, ta riƙa leƙawa. Amma daga ranar tsoro ya tare a cikinsa. Yana tsakiyar aski sai ya tuna tagar ɗakinsu ba ta da ƙarfe, ya bar mutum da rabin kai ya ruga sama. In waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi, in ba ta yi ba ma ya faɗi. Hannun da bai taɓa yanka kowa ba ya soma kuskure a bayan kunnen mutane.

Akwai wani tsohon malamin makaranta, mutumin wajensu, da ke zuwa shagon duk mako. Sanƙo ne da shi tas, ba abin da za a aske, hira ce ke kawo shi, kuma mai aski yakan zagaya masa da inji don kada ya ji kunya. Shi ne ya lura.

"Ɗana, yau ka kusa cire mini kunne. Gashi dai babu, sai ka koma kan nama?"

Mai aski ya kashe inji. Bai faɗi maganar aska ba, alkawari na wuyansa. Ya dai ce, "Baba, in mutum yana so ya gaya wa likita yadda zuciyar wani take, da Turanci, yaya zai ce?"

Tsohon ya dube shi ta madubi, ya daɗe. Bai tambayi zuciyar wa ba. Ya ce a miƙo masa sabulun aski, ya tashi ya rubuta a jikin madubin da manyan baƙaƙe: sad. Sannan ya saki fuska, ya zubo leɓe ƙasa kamar yaron da aka hana alewa. "Baƙin ciki ke nan. Faɗi."

Haka karatun ya kankama. Duk sanda shago ya yi sarari tsohon zai zo, ya rubuta kalma, ya yi mata fuska. Ya yi tired ya langaɓe a kujera. Ya yi angry ya zare ido har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Ya yi lonely, ya yi worried, ya yi afraid ya rungume kansa yana ƙyafta ido. Masu zuwa aski suka riƙa ganin fuskarsu a tsakanin kalmomi, wani ya ga ashamed a goshinsa ya ce a goge. Mai aski ba ya dariya. Yana maimaitawa ne kamar mai haddar addu'ar tsari, a shago, a matakala, a gaban famfo yana wanke kayan jaririya.

Wata rana ya tuna kalmar likita ya tambayi ma'anar shy.

"Mai kunya, mai noƙe-noƙe," in ji tsohon. "Wannan hali ne, ba ciwo ba. Akwai kalmomin abin da mutum ke ji yau, akwai na yadda Allah Ya yi shi."

Sai yanzu mai aski ya gane. Ashe likita ta ɗauka haka matar take tun asali, kuma shi da kansa ya gyaɗa mata kai. Ya ce, "Baba, ba haka take ba. Wallahi ba haka take ba. Ba ni kalmar mai surutu. Ba ni ta mai sa mutane dariya."

Tsohon ya rubuta talkative, ya rubuta funny, ya rubuta cheerful, wato mai fara'a, wannan karon bai yi fuska ba. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Kalma dai na ba ka. Bakin da zai faɗa naka ne."

Nan fa ake yin ta. Ranar awo na matsowa, tsoronsa ya rabu biyu. In ya faɗa, ya ci amanar matar da ta riƙe rigarsa, kuma wa ya sani ko da gaske za su ɗauke yarinyar. In bai faɗa ba, akwai taga, akwai matakala, akwai duk abin da bai iya kwashewa ya kai shago ba. Ya rame. Matar ta ji shi yana gunguni a gaban famfo ta tambaye shi me yake karantawa, ya ce Turancin aiki ne.

Ranar ta zo. Suka zauna a bencin asibiti, ita da jaririya a kafaɗa, shi yana jera kalmomi a zuci: da can cheerful, yanzu sad. Aka kira su. Likita ta auna yarinya, ta yaba nauyinta, ta ɗauki biro, ta yi tambayar da ta saba.

"Wai ya jikin?" Mai aski ya fassara wa matarsa.

Matar ta dube shi ido cikin ido, kallon tunatarwa. "Da sauƙi."

Biron likita ya riga ya sauka a kan takarda, jiran better kawai yake. Mai aski ya buɗe baki, sai ya tarar kansa fayau, kamar an sa tsumma an goge madubin. Babu cheerful, babu sad, babu ko ɗaya cikin abin da ya yi ta haddacewa saboda ita. Nan babu madubin da zai fake da shi, fuskar likita ce a gabansa, ta matarsa a gefe. Kalma ɗaya ce ta rage, ita ma don a jikinsa take. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Afraid."

Likita ta ɗago.

Ya sake faɗa, ya bugi ƙirjin. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin tsumman, wanda ya ɗauko da safe ba tare da ya san dalili ba, ya buɗe a kan tebur. Ya nuna askar, ya nuna matarsa, hawaye ya hana shi ƙara komai.

Likitar ta ajiye biro. Ta rufe askar da tsumman a hankali, ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo kujerarta ta zagayo teburin har gwiwarta ta kusa taɓa ta matar. Ba ta kai hannu wajen jaririyar ba. Hannun uwar ta nema.

Matar ta ƙanƙame 'yarta. Ba ta dubi likita ba, mijin ta duba. "Ka tona mini asiri. Me ka ce mata?"

"Ban ce kin haukace ba," ya ce. "Na ce ina jin tsoro."

Tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya ce wani abu bai yi kyau ba. Jaririyar ta yi ɗan motsi, ta gyara mata hula, ta dubi hannun likita da ke buɗe a kan gwiwarta yana jira.

"Yaya ake faɗinsa da Turancin?" ta tambaya.

Ya faɗa mata a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda tsohon ya koya masa. Ta gwada sau ɗaya a ƙasan maƙoshi. Sannan ta juya ta fuskanci likitar, ta faɗa da bakinta.