Kawu da Kiɗan Fim Ɗin 'Yan Doka

Ina cikin shekarata ta shida da fara haɗa wa finafinai sauti a wani ɗan situdiyo a Gyadi-Gyadi, wani darakta ya kawo mini aikin da ya hana ni sakat kusan wata guda. Fim ne mai dogon zango a kan kisan wani falken goro a zamanin En'e. Sun yi ƙoƙari a hoto: kakin 'yan doka, tsofaffin kekuna, fitilar ƙwai. Nawa aikin shi ne in sa kiɗan da zai riƙa bin labarin a ƙarƙashi.

Na yi abin da hannuna ya saba. Na zauna gaban fiyano da kwamfuta na haɗa kiɗa mai nauyi, mai bugawa kamar zuciyar wanda ya sha gudu, da wani ƙugi da ke tasowa duk sanda mai kisan ya bayyana. Darakta ya saurara ya ce, "Mutumina, ka gama aiki." Amma da na sake kallo ni kaɗai, sai na ga kamar an ɗaura wa raƙumi fitilar mota. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in sake kunnawa. Abin ya ƙi kwanta mini.

Ina da kawu a Tarauni, yayan mahaifiyata, ya haura tamanin. Ya yi ɗan doka da ƙuruciyarsa, kafin a haɗe su da 'yan sanda. Wata la'asar na ɗauki kwamfutar na tari adaidaita na tafi wurinsa. Na same shi a kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Bayan mun gaisa na kunna masa wurin da ake kama mai kisan. Bai yi minti guda yana kallo ba ya ɗaga hannu.

"Kashe injin nan in ji abin da suke faɗa."

"Kawu, ba inji ba ne, kiɗa ne."

"To wa yake kiɗan? Ni ban ga makaɗi a wurin ba."

Na dawo da ƙarfin gwiwa, a ganina na samu shaida. Fim ɗin da, sai kiɗan da. Sati guda na yi ina yawo. Na samo wani dattijo mai kukuma a Unguwar Gano, aka haɗa ni da wani mai kalangu a Hotoro, na kawo su situdiyo na naɗi kiɗansu, na cire nawa na sa nasu. Da darakta ya ji sai ya dafe kai.

"Haba Malam! Gawa a kwance, kai kuma ka buɗe mana gidan biki? Samarin da za su kalla a waya, kana ganin za su kai ƙarshe?"

Muka yi ta ja-in-ja har muryoyinmu suka fara fita waje. Na ce masa akwai wanda ya ga zamanin da idonsa, bari in kai masa ya raba mu.

Kawu ya saurari sabon kiɗan har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da tari.

"Kalangu? Mahauta za ku kama?"

Na ce, "Kawu, ai kiɗan zamaninku ne."

Ya gyara zama. Ya ce akwai wani kamu da bai taɓa mantawa ba. Wani mutum ne ya kashe abokin fataucinsa a hanya, ya shigo birni ya saje da jama'a. Su uku aka tura, suka same shi da hantsi a shagon wani tela yana jiran a gama masa riga. Telan yana da garmaho, ya ɗora wani faifan rawa da aka kawo daga Ikko, mai jita da ƙahonin Turawa, irin wanda samari ke rububi a lokacin. Da suka shiga babu wanda ya tuna ya ɗage allurar. Suna sa wa mutumin ankwa, faifan na ta zuba kiɗan nishaɗi, har wanin da aka yi wa garmahon ya ƙare, kiɗan ya riƙa ja yana kauri, ya mutu da kansa.

"Har yau in na ji irin kiɗan nan sai gabana ya faɗi," in ji shi. "Ku ne kuke ganinmu mutanen da, ɗana. Mu a lokacin 'yan zamani ne. Har faɗa iyayenmu suke mana a kan tsukakken wando."

Ran nan ban hau adaidaita ba. Da ƙafa na tako daga Tarauni har Gyadi-Gyadi, ina tafe ina jin haushin kaina. Kiɗana na farko ƙarya ne, na biyun ma ƙarya ne, sai dai shi ya sa babbar riga. Kwana huɗu na yi ina haɗa wani kiɗan rawa mai jita da ƙaho, na sa masa ƙarar tsohon faifai, na sa ya riƙa ja a hankali daidai lokacin da ankwa ta rufe.

Darakta ya kalla sau uku. Can ya ce, "Wannan wurin na bar maka. Sauran kuma a mayar da na farko." Na so in yi musu, sai na ga ranar sakin fim ta matso, kuma ni kaina ban san abin da zan sa a sauran wuraren ba. Mai kukuma da mai kalangu na je na ba su haƙuri. Dattijon ya ce ba komai, dama bai gane abin da ake so ya goga wa ba.

Da fim ɗin ya fita, wasu suka yaba wurin kamun, wasu suka rubuta cewa mai haɗa sauti ya yi kuskure ya sa kiɗan wani fim. Na kai wa Kawu ya gani. Ya gyaɗa kai kawai, bai yaba ba, bai kushe ba. Na tambaye shi yadda aka ƙare da mutumin shagon tela. Ya ce sun miƙa shi gaban alƙali, daga nan aka tura shi wani aikin, bai kuma bi sawu ba. Aka kira magariba, ya miƙo mini hannu na tashe shi.

Na yi finafinai da yawa bayan wannan, amma shi har yanzu ban iya zama na kalle shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kwanaki ina cikin adaidaita, wata mata a gefena ta kunna shi a waya. Ina jin ƙugin nan nawa ya taso, na ce wa direba ya sauke ni, alhali da sauran tafiya kafin in isa.