Kyamarar da Baba Ya Ɗora wa Laifi

Mahaifina ya koyi sinuka tun yana saurayi, lokacin da yake akawu a wani ofishin gwamnati a Sabon Gari. Akwai kulob ɗin ma'aikata kusa da ofishin, da tebur guda mai koren ƙyalle, kuma a bakin teburin nan ya haɗu da mutumin da muka taso muna kira Baban Wusasa. Malamin makaranta ne, Kirista, Bahaushe ɗan asalin Wusasa, dogo mai yawan dariya. Shi ya koya wa Baba riƙon sanda da yadda ake kwantar da hannu a kan tebur. Kakanmu har ya rasu bai san ɗansa yana wannan wasa ba. A Limancin Kona, inda gidanmu yake, ɗan gidan malamai ba ya fitowa ya ce yana ƙarar da yammacinsa wajen tura ƙwallaye cikin rami.

Kafin su yi ritaya kulob ɗin ya mutu, ƙyallen teburin ya yage, ba wanda ya gyara. Sai yayana ya kafa wa Baba dish a kan soro, aka sami tashar da ke nuna gasar sinuka daga Turai. Yawanci bayan azahar ake farawa. Baban Wusasa yakan hau acaɓa ya zo, su zauna a shigifa, kowa da kujerarsa. Ni ina aure a Tukur-Tukur, ina koyarwa a firamare, ranar Asabar nake zuwa gida. In na kai musu zoɓo sai in zauna a tabarma ta bakin ƙofa, ba don wasan ba, don musunsu. Abin da na sani a wasan bai wuce a jefa ja a rami ba, sannan mai launi, sannan ja kuma, duka ana bugunsu da farar ƙwallon nan guda.

Baba ba ya son surutun masu sharhi. Akwai wani mai kakkaurar murya da ya fi tsana.

“Malam, ka ji shi ko? Yaro yana auna bugu, shi kuwa yana ba mu labarin wasan da ya yi tun kafin a haifi yaron. Wa ya tambaye shi?”

“Alhaji, aikinsa ke nan. Don ya yi magana aka ɗauke shi.”

“To a ɗauko wanda zai yi shiru.”

Haka kuma maganar kyamara. Baba ya fi son a hasko tebur daga sama, ya ga ƙwallaye duka, ya tsara bugun da kansa kafin ɗan wasa ya sunkuya. In aka juya kan fuskar ɗan wasan da ke zaune yana kurɓar ruwa, ko wata mata a cikin 'yan kallo tana cizon yatsa, sai ya buga hannu a cinya ya ce ba matar wani ya zo kallo ba. Baban Wusasa kuwa fuskokin yake so. Yakan ce a fuska ake ganin wanda ya karaya tun kafin ya zubar da wasa. Ba wanda ya taɓa shawo kan wani, kuma in la'asar ta yi Baba ya tafi masallaci, sai Baban Wusasa ya zauna yana gadin wasan, ya ba shi rahoto in ya dawo.

Ban lura da lokacin da ƙorafin Baba ya sauya ba, domin kunnena ya saba da shi. Da farko cewa ya riƙa yi sun rage hasken ɗakin wasan. Daga baya ya ce sabon mai kyamarar bai san aiki ba, yana yanke gefen tebur, ba ya nuna ramukan tsakiya. Ya sa aka kira mai gyara, ya zo ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce talabijin lafiyarta ƙalau. Baba ya ce shi ma bai san aiki ba. Yayana ya sayo sabuwa, babba, aka kafa a bango. Kwana biyu ya yaba, sannan ya ce ita ma duhu gare ta.

Ranar da abin ya fashe ina wurin. Wani ɗan wasa ya jefa ja, ya zagayo ya nufi shuɗiya da ke kusa da ramin gefe. Baba ya miƙe zaune.

“Me zai buga a can? Babu komai a can.”

“Shuɗiya ce, Alhaji.”

“Wace shuɗiya? Ba su nuna ta ba. Ka ga abin da nake faɗa, sun yanke rabin tebur.”

Baban Wusasa ya tashi ya je ya ɗora yatsa a kan gilashin. “Ga ta nan. Tebur duka yana nan, ba abin da suka yanke.” Ya dawo ya tsaya a gefen Baba na dama, ya ɗaga hannu. “Yatsu nawa na ɗaga?”

Baba bai juyo ba.

“Alhaji, ba kyamara ba ce. Idonka ne. Na daɗe ina gani, na rasa yadda zan faɗa maka.”

“A gidana za ka kira ni makaho? A gaban 'yata?”

“Ban kira ka makaho ba.”

“Uwata,” Baba ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, “raka Malam zaure. Ya gaji.”

Na bi shi a baya har bakin ƙofa. Ya tsaya yana gyara hula. Ya ce, “'Yata, kada ki ji haushinsa. Tsoro ne. Amma ku kai shi asibiti, kada ku tsaya.”

Na shiga cikin gida na sami Inna tana tankaɗe. Ban gama tambaya ba ta ajiye rariya ta fara kuka. Ta ce ya fi shekara yana tuntuɓe da buta, yana bugun kafaɗa a bakin ƙofa. Ta ce rannan ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi a lungun masallaci, don bai gan shi ba sam. Ya sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Na ce, “Inna, ai wannan ba alkawarin riƙewa ba ne.” Ta ce, “Ke ba ki san ubanki ba.”

Makonni suka wuce Baban Wusasa bai zo ba. Baba yana kallo shi kaɗai, ya jawo kujera har kusa da bango, yana juya kai gaba ɗaya yana bin ƙwallo kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Na yi masa maganar asibiti, ya ce in kula da 'yan ajina. Yayana ya yi, ya tambaye shi wa ya haifi wani a cikinsu. Aka kawo masa tozali daga wajen wani mai magani, yana sawa safe da yamma, idon ya yi ja wur.

Da na rasa dabara na tafi Wusasa. Na sami Baban Wusasa a inuwar mangwaro a tsakar gidansa, talabijin ɗinsa a kashe. Matarsa ta ce tun ranar bai sake kallon wasan ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ba wanda Baba zai ji maganarsa sai shi.

“Ni da aka kora?”

“Baba, ko zagi ne ka zo ka sha. Mu ba ya ko zaginmu, share mu yake yi.”

Washegari da hantsi ya zo da motar ɗansa. Bai jira an yi masa iso ba, ya shiga shigifa ya zauna a kujerarsa. Ina jinsu daga tsakar gida. Ya ce, “Alhaji, ban zo ba ka haƙuri ba, don ban yi ƙarya ba. Mota tana waje. In likita ya ce idonka lafiya, zan tsaya a ƙofar gidan nan in ce na yi maka ƙazafi.” Can na ji Baba ya ce, “Uwata, ɗauko min babbar rigata.”

A asibitin ido aka sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, ya riƙa danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ina tsaye a bayansa ina ganin hannunsa a kan maɓallin, shiru, ba ya dannawa. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba. Na dama ya kusa ƙarewa, na hagu saura tsakiya. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da maganin ɗigawa. Baba ya tambaye ta, da ya zo bara fa? Ta ce da an tsare fiye da haka. Sannan ta juyo gare ni ta ce ciwon yana bin jini, mu 'ya'yansa mu zo a duba mu.

Da muka dawo gida, Baba ya sa aka lulluɓe talabijin da zane. Ya daina fita sai masallaci, shi ma sai an riƙe masa hannu. Ya rame. Baban Wusasa ya ci gaba da zuwa, su zauna su yi hirar mutanen da suka mutu. Wata Asabar, ana cikin babbar gasar shekara, Baba da kansa ya ce a yaye zanen.

Abin da yake iya gani ɗan fili ne a tsakiya, kamar bakin kofi. In kyamara ta hasko tebur daga sama, ƙwallayen sun yi masa ƙanƙanta, sai kore kawai. Saboda haka ya koma ga kunne, ya karkata kai yana sauraron mai kakkaurar muryar nan. Wasa ya yi zafi, saura ruwan hoda da baƙa, sai mai sharhin ya yi tsit, yadda suke yi in an zo wurin da kowa ke riƙe numfashi. Aka ji ƙas, aka ji 'yan kallo sun yi gunaguni, shi ke nan.

“Me ya faru? Ta shiga? Don Allah me ya faru?” Muryar Baba ta tsinke. “Ya yi shiru ya bar ni! Ba su san akwai wanda ba ya gani ba?”

Baban Wusasa bai yi masa dariya ba, bai kuma tuna masa komai ba. Ya jawo kujerarsa kusa ya fara bayani a hankali: ruwan hoda ta daki bakin rami ta dawo, tana jingine da bango ta hannun hagu, fara ta gangaro ƙasa ta ɓuya a bayan baƙa. Baba ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ya ce, “To sai ya bi ta bango biyu.” Haka kuwa yaron ya yi.

Suka ɗauki wannan hanya har damina ta wuce. Baba yana yi masa gyara, yana cewa ya cika kwana-kwana, ya fara faɗin inda fara take kafin komai. Amma Baban Wusasa ya girmi Baba, kuma ƙafafunsa sun fara kumbura. Ɗansa ya zo ya ɗauke su, shi da matarsa, ya kai su Jos inda yake aiki. Suna waya, sai dai waya ba ta ɗaukar wasa guda.

Aikin ya faɗo kaina. Na koyi sunayen wurare a kan tebur, na koyi fara faɗin inda fara take, amma ba ni da idon ɗan wasa. Nakan ce ja tana kusa da rami, ya ce kusa kamar yaya, taƙi ɗaya ko kamu ɗaya, a miƙe ko a karkace? Kafin in amsa an buga. Wani lokaci kyamara ta tafi kan fuskar wani, ni ma ban ga inda ƙwallo ta tsaya ba, in ce masa ba su nuna ba. Ban san ko yana yarda ba. Sau da yawa tun wasa bai yi nisa ba yakan ce, “Bar shi haka, Uwata, kin yi ƙoƙari. Kashe.”

Na je an duba ni, kamar yadda likitar ta ce. Aka sami idona na hagu ya fara hawa, ganin bai taɓu ba tukuna. Aka ba ni irin kwalbar maganin Baba. Na yi niyyar in ɓoye masa, amma da na tuna Inna da rariyarta sai na fasa. Na gaya masa wata ranar Asabar bayan na ɗiga masa nasa, yana kwance a kujera, kansa a baya, maganin yana gangarowa ta gefen fuskarsa.

Sai ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Wanne?” Na ce na hagu. Ya ce, “Ni na ba ki.” Na ce Allah ne ya kawo. Ya ce ya sani, amma ta jikinsa ya biyo.

A ranar ya sa aka kira masa 'ya'yansa duka a waya, ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai yafe wa wanda ya ƙi zuwa asibiti ba. Ƙannena mata sun je, an ce lafiya lau. Autanmu ya je. Yayana ne har yanzu bai je ba. Kullum yana da uzuri, yau kasuwa, gobe tafiya Kano, kuma shi ke tuƙa motarsa da kansa. In na matsa masa sai ya ce shi yana gani garau, ya karanta min lambar motar da ke can nesa don in yarda.