Rabin Maganar Malam Na Ɗauka

Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi, na ɗan haura hamsin. Siyasa ta buɗe mana kasuwa, kowane ɗan takara sai ya ɗinka babbar riga. Wuni nake a kan keken ɗinki, ga balangu ga farfesun kayan ciki. Teɓa ta fito, wuya ya ninke. Abokai suna yi mini tsiya wai dimokuraɗiyya ta karɓe ni, ni kuwa ina shafa ciki ina dariya.

Sai fitsari ya fara yi mini gardama. In na tsuguna ya ƙi zuwa, in na miƙe ya ɗiga a wando. Wallahi lafiyata ko a jikina, alwalata ce ta dame ni. Na je Tarauni wajen malamin da nake ɗaukar karatu a gunsa, na faɗa masa kaina a ƙasa. Ya ce mai irin wannan lalura an yi masa sauƙi, in riƙa sabunta alwala kowace salla, in sa ƙyalle, sallata ta yi. Ya ƙara da cewa lallai in je asibiti, don shi hukuncin ya sani, bai san ciwon ba. Kafin in gama sa takalmi na watsar da wannan rabin. In matata ta yi mita a kan wankin wanduna sai in daka mata tsawa, in ce ai malam ya riga ya warware.

Haka na yi shekaru, har ƙugu ya fara sara. Ranar da fitsarin ya tsaya cak ina shago, ranga-ranga aka kwashe ni. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma ya kai ga ƙashi. Ya ce kitse ba zaman banza yake a jiki ba, akwai sinadaran da yake zubawa cikin jini, ana kuma ganin suna iya ƙara wa irin wannan ciwo ƙarfi. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Da na faɗa, sai ya ajiye bironsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

'Yan'uwana maza, in fitsari ya canja muku, ku tambayi malam hukunci, amma ku zarce asibiti a ranar. Kada kuma ku bari a yi muku kirari da teɓa. Ni an daɗe ana hana ni maiƙo, matata tana tsare da kwanona. Zuwanmu asibiti na ƙarshe likitan ya ja ta gefe, ina jin su, ya ce daga yanzu duk abin da raina ke so ta dafa mini.